Yadda Sallaou Ya Kwanta Tunani a Filin Dambe

Duk wanda ya zauna Sabha a shekarun da ake ta shelar Afirka uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin da kowace kwana ka sha sai ka ci karo da taswirar Afirka a kan allo, to ya san gidan abincin Saoudé a unguwar Mahdiya. Ɗaki ne guda da rumfa, tukwane huɗu, tabarmi, sai tele, wato talabijin, da aka ɗaure a bango. Kujera kuwa ɗaya ce tal, farar roba, an ɗaure ƙafarta guda da waya. Ta Sallaou ce. Ni tela ne, bangon shagona haɗe yake da na Saoudé, saboda haka ba wani ya ba ni labarin nan ba.

Sallaou mutumin Tasawa ne. Ya baro gida da niyyar Turai, ya iso Sabha, ya yi wuni ɗaya a gidan bulo, ya dawo ya ce shi jikinsa na ilimi ne. Da yunwa ta kusa gama da shi sai Allah ya jefo masa wani katun, fim ɗin zane na mutanen Japan, da wata tasha ke nunawa kullum bayan la'asar, ban da Juma'a. Labarin wani saurayi ne ɗan dambe mai gashi cirko-cirko, wanda muke kira Gashin Ƙaya, yana neman kambun duniya. An juya maganar zuwa Larabcin littafi. Mu kuwa namu Larabcin a bakin masu ba da aiki da 'yan shurɗa, wato 'yan sandan ƙasar, muka tsince shi, bai wuce "zo", "tafi", "ina takardarka" ba. Sallaou ya ce shi yana ji sarai, ya tsaya gefen tele ya fara fassara.

Ban taɓa yarda yana ji ba. Gashin Ƙaya zai buɗe baki sau ɗaya ya rufe, Sallaou ya yi minti uku yana fassara, har da zagin kakan abokin karawa. Amma akwai daɗi, wannan ba zan hana shi ba. Mutane suka riƙa cika ɗakin, wanda ya zauna kuwa sai ya ci. Saoudé ta ga tukwanenta na ƙarewa da wuri, ta ba shi kujerar, ta yanka masa kwanon shinkafa da nama kullum. Wata bakwai wannan kwano shi ne gonarsa, shi ne kasuwarsa. Ba shi da wani abu a duniya ban da shi.

Rigima ta tashi a makon da Gashin Ƙaya ya hau karawar kambu da zakaran duniya. Zakaran ya kai masa wani naushi, ya zube. Alƙalin wasa ya fara ƙirga. Yana cewa huɗu sai hoton ya yi fari, saurayin ya shiga tuna uwarsa tana sayar da taliya cikin ruwan sama, ya tuna malaminsa da ya mutu, ya tuna wani kare. Aka tashi wasan ranar an kai bakwai. Washegari aka ci gaba, ya ƙara tuna wasu abubuwa, ya miƙe a tara, ya hau zakaran da duka.

Ɗaki ya ɗauki sowa. Sai aka ji wata murya daga kan tabarma ta ce, "Ƙarya ce."

Maliki ne, mahaucin da ke kawo wa Saoudé nama. Bakano ne, ƙato, mai sanyin hali, ya haura arba'in. An ce ya yi dambe da ƙuruciya, amma bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Sallaou ya juyo da kujera gaba ɗaya. "Mi ka ce, Bakano?"

"Na ce wanda aka yi wa wannan naushin ba ya tuna uwarsa. Ko sunansa ba ya tunawa."

"To ka ji matsalar damben ƙauye. Ku da an hwaɗi shi ke nan, a watse. Ba ku san sirrin cikin hwaɗuwar yake ba. Ni na bi wasan ga tun farko. Sau goma sha ɗaya yaron ga ya hwaɗi, sau goma sha ɗaya ya yi tunani, ya tashi ya ci. Ka taɓa ganin ya ci ba tare da ya kwanta ba? Ƙarfin a ƙasa ake ɗauko shi."

"Kai sau nawa ka faɗi?"

"Ban taɓa samun wanda ya isa ya kada ni ba. Shi ya sa ban ci kowa ba tukuna."

Aka yi dariya, kuma dariyar ce ta kai shi ta baro. Ya miƙe ya ce tunda Afirka ta zama ƙasa ɗaya, ai ya kamata ta samu zakara ɗaya, kuma shi ya ƙalubalanci Maliki a kan kambun Afirka duka, reshen Sabha. Maliki ya ce shi ya tsufa, a bar shi ya sha shayinsa. Sallaou ya ce tsoro ne. Maliki ya ce to tsoro ne. Wannan ya ƙara tunzura shi, ya daki hannun kujerar ya ce, "Wanda ya kada ni har aka ƙirga goma, ya ɗauki kujerar ga."

Saoudé ta leƙo daga bakin murhu da ludayi a hannu. "Kujerar kaɗai, ko da kwanon?"

"Da kwanon."

"Jama'a kun dai ji. Ba ni na sa shi ba."

Maliki ya shafa gwiwarsa ya ce, "Zaman tabarman nan dama yana wahalar da ni. In dai kujera ce, to."

Aka tsayar da Juma'a mai zuwa, ranar da babu katun, ana gobe za a nuna ƙarshen karawar kambun.

Akwai matsala guda. An daɗe da hana damben zamani a ƙasar, ba fili, ba safar hannu, ba komai. Muna cikin shawarar inda za a ɓuya sai ga Haj Zuhair, tsohon Balaraben da ke da ginin, ya shigo. Muka ɗauka asiri ya tonu. Ashe tsohon ɗan dambe ne tun kafin a hana, shekara ashirin da wani abu yana ɓoye da son abin a zuciyarsa. Da aka yi masa bayani sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a yi a tsakar gidansa da ke unguwar Hajara, kuma shi ne alƙali. In maƙwabta sun ga taro, a ce walimar suna ce. Na ce, "Haj, wa ya haihu?" Ya ce akuyarsa ta haihu shekaranjiya, babu ƙarya a ciki.

Sallaou ya shiga horo irin na Gashin Ƙaya. Ranar farko ya ɗaura tsohuwar tayar mota a ƙugu da igiya, ya fita gudu da sassafe. Abin da ya manta shi ne, a Sabha baƙo ba ya gudu don nishaɗi. In ka ga ɗan'uwanka baƙar fata yana gudu, ba ka tambaya, kai ma ka zura. Ya biyo ta shataletalen da 'yan neman aikin yini ke zama, kowa da shebur ko guduma a gabansa, yana haki, ido waje. Mutum kusan arba'in suka tashi lokaci guda. Wani ya bar takalmi, wani ya haura katanga ya faɗa kan kajin mutane, mai shayin wurin ya gudu da buta a hannu. Motar 'yan shurɗa da ke wucewa abinta ta ga mutum arba'in na gudu, ita ma ba ta tambaya ba, ta bi su. Kowa ya sha. Mutum ɗaya aka kama, shi ne wanda ke ɗaure da taya.

Ya dawo da azahar ba taya, hannu duk kanta, don sai da ya share musu harabar ofis tas kafin su sake shi.

Saoudé ta ce, "Me ka ce musu?"

"Na ce gudun murnar haɗin kan Afirka nike."

"Suka ce me?"

"Suka ce to in share, Afirka na son tsabta." Ya zauna ya ja kwano. "Wannan ma cikin horon yake. Shara na buɗe kafaɗa."

Masu neman aikin da suka rasa yininsu suka zo da yamma neman Sallaou. Da aka gaya musu Juma'a Maliki zai dake shi, suka ce to sun haƙura, a dai ajiye musu wuri a gaba.

Rana ta biyu ya fasa ɗanyen ƙwai shida a kofi ya shanye a gaban jama'a, ya buga ƙirji. Fassarar ranar ba ta yi armashi ba. Zai fara, "Ya ce masa, kai ɗan..." sai ya dafe ciki ya nemi buta. Sau huɗu yana fita. Gashin Ƙaya ya yi dogon jawabi da hawaye, har yau ba wanda ya san abin da ya ce.

Rana ta uku ya cika buhu da yashi, ya hau rufin ɗakin yana neman inda zai rataye. Bai ga abin da ya fi ƙarfen da ke riƙe da kwanon tauraron tele ba. Naushi uku ya yi, buhun bai motsa ba, amma ƙarfen ya sunkuya. Da la'asar ta yi aka kunna tele, babu Gashin Ƙaya, babu zakara, sai wani babban zaure cike da manyan riguna ana jawabi ana tafi. Aka canza tasha, su ne. Aka sake canzawa, su ne dai.

Ɗaki ya hautsine. Saoudé ta ce in ba a ga katun yau ba, babu kwano yau. Sallaou ya ce a kwantar da hankali, shi zai fassara wannan ɗin, ai duk dambe ne. Wani ya jefe shi da murfin buta. Sai Maliki ya tashi, ya hau rufin da gwiwarsa mai ciwo, ya kama ƙarfen da hannu ɗaya ya miƙar da shi. Hoto ya dawo. Kowa ya ga hannun nan, kowa ya juyo ya dubi wuyan Sallaou.

Sallaou ya ce, "Ƙarfin jaki ne. Ba tunani a ciki."

Ranar Alhamis ya shigo shagona karɓar gajeren wandon da na ɗinka masa, da safar hannu biyu-biyu da na haɗa da soson katifa. Ya rufe ƙofa ya ce zai gaya mini sirri.

"Na gama shirya tunanin."

"Wane tunani?"

"Wanda zan yi in na hwaɗi. Ka ga ba a shiga irin wanga abu da ka. Zan fara da Inna tana daka gero da asuba. Daga nan sai rijiyar bayan gari. Sai jakin kawuna da ya harbe ni. Sai ranar da na bar gida. Sai hanyar Agadez, da ƙishirwa, da mutumin da ya ba ni dabino ɗaya. Ina isowa ƙofar Sabha sai ƙarfin ya cika, in miƙe a tara. Na gwada jiya, bai wuce minti ashirin ba."

"Minti ashirin."

"Na ma taƙaita. Yaron ga kwana biyu ya yi."

Wallahi na buɗe baki zan gaya masa. Sai ya ɗaga wandon ya duba, ya ce ɗinkin bai kai na Japan ba, amma ba laifi ga telan da ya koya a ƙauye. Na mayar da bakina na rufe. Na ce Allah ya ba da sa'a, kuma har yau ban yi nadama ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsakar gidan Haj Zuhair ya cika har kan katanga. Aka kewaye fili da igiyar shanya. Saoudé ta zo da murfin tukunya da ludayi, ita ce mai ƙararrawa, ta kuma sa aka ɗauko farar kujerar aka ajiye a gefe inda kowa zai gan ta. Kambun kuwa ɗamarar ɗaure kayan babbar mota ce, an liƙa mata murfin buta a tsakiya. Akuyar da muke wa suna tana ɗaure a gindin dabino da ɗanta. Haj Zuhair ya fito da farar riga da ɗan baƙin ƙyalle a wuya, wanda ya ce tun kafin a haifi rabinmu yake ajiye da shi.

Maliki ya shigo da singileti da wandon aikinsa. Sallaou ya shigo lulluɓe da bargo a wannan zafin, ya zagaya fili sau uku, ya nuna Maliki da yatsa, ya yi jawabi a kan ƙaddara. Haj Zuhair ya ce, "Yalla." Saoudé ta buga murfi.

A katun ɗin kowane naushi da sunansa, kuma sai an faɗi sunan kafin a kai shi. Sallaou ya ja da baya, ya karkace, ya ɗaga murya ya ce, "Naushin guguwar Tenere mai tashi daga gabas." Kafin ya kai "gabas" Maliki ya matsa gefe taku ɗaya. Sallaou ya wuce ya rungumi igiya, wandunan Haj Zuhair biyu da aka manta a kai suka faɗo masa a ka. Ya sake shiri, ya kira na biyu, "Tsawar damina." Maliki ya matsa ɗaya gefen. Aka gama zagaye na farko ba wanda ya taɓa wani.

A zagaye na biyu Sallaou ya matso kusa ya sassauta murya, amma mu na gaba muna ji.

"Ka buge ni mana."

"Ni ban ga wurin bugu ba."

"Malam Maliki, kana ɓata mini shiri. In ban hwaɗi ba ta yaya zan ci?"

"Kana da iyali a gida?"

"Akwai Inna."

"To ka gani. Me zan ce mata?"

"Ko kaɗan ne. Nan, a kafaɗa."

'Yan shataletale suka fara ƙorafi, suna cewa ba wannan aka yi musu alkawari ba. Maliki ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu ya ɗora soson katifar a goshin Sallaou, ya ɗan tura, kamar mai rufe ƙofar da ba ya so ta yi ƙara.

Sallaou ya yi tsam. Ya juya sau ɗaya a hankali, ya sake juyawa, ya miƙa hannu sama. Ya fara sulalewa, sai ya ga kashin akuya a inda zai sauka, ya miƙe ya matsa taku biyu, sannan ya ci gaba da sulalewar. Ya kwanta rigingine, ya gyara wando, ya rufe ido. Ya ce, "Inna. Ga ki nan bakin turmi, gari bai waye ba."

Haj Zuhair shekara ashirin da wani abu yana jiran wannan ƙirgan. Ya durƙusa a kansa, hannu na sara iska. "Wahid. Itnin. Talata." Bai yi sauri ba, bai yi jinkiri ba, yadda doka ta ce haka ya yi. Sallaou na cewa, "Zakara ya yi cara, kin ce Sallaou tashi ka ɗebo ruwa," tsohon na cewa, "Tis'a. Ashara. Halas." Ya kama hannun Maliki ya ɗaga. Ya ɗaura masa ɗamarar, ba ta zagaye tumbin ba, aka riƙe masa ta baya.

Ba wanda ya yi sowa. Saoudé ta ɗora yatsa a baki, kowa ya gane, aka yi shiru ana saurare. Sallaou na kwance ido rufe, ya isa rijiya, ya ɗebi ruwa, guga ya tsinke. Ya shiga labarin jakin kawunsa.

Ana cikin haka wani maƙwabcin Haj Zuhair ya turo ƙofa da tiren alewa a hannu, ya zo barka. Ya ga taro shiru, ga mutum kwance da gajeren wando yana magana shi kaɗai. Ya tambaya ko lafiya. Haj Zuhair ko gezau bai yi ba, ya ce wannan shi ne uban jaririn, haka suke yi a ƙasarsu. Mutumin ya jinjina kai, ya ce Afirka akwai al'adu, ya ajiye tiren kusa da kan Sallaou, ya yi addu'a Allah ya raya, ya fita.

Jakin na harbinsa Sallaou ya buɗe ido ɗaya. "Nawa aka kai?"

Na ce, "An gama."

"An gama mi?"

"Goma. Tun ba ka ɗauki guga ba."

Ya tashi zaune. Ya dubi ɗamarar a tumbin Maliki, ya dubi Haj Zuhair da ke goge ido. "Wane irin goma? Ko Agadez ban kai ba. Haj, wanga ƙirga na zalunci ne. Ina aka taɓa ƙirga goma a numfashi guda?"

Haj Zuhair ya ce goma goma ce, a Sabha, a Japan, a ko'ina.

"A tele kwana biyu ake yi."

Saoudé ta ce, "To sai ka shiga telen ka kwanta."

"A sake. Yanzu ma ƙarfin ya fara zuwa, ina jin shi a ƙafa. A ba ni in kai ko Dirku ne, gaba da Agadez."

Maliki ya ce, "Ni na gaji. Gwiwata." Ya ja farar kujerar ya zauna a tsakiyar filin, ya miƙe ƙafa, ya ce alhamdulillahi.

Nan ne dariyar ta fashe, har wani ya faɗo daga katanga. 'Yan shataletale suka ce sun yafe yininsu, wannan ya fi duka. Aka raba alewar, ba a ba Sallaou ba, aka ce uban jariri ba ya ci. Ya bi Saoudé har bakin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa, kuma a nan kam ya ba ni tausayi, don babu sauran cika baki a muryarsa.

"Hajiya, wasa ne fa. Wa ke ɗaukar maganar gaban tele da gaske?"

"Na tambaye ka a gaban mutane, ka ce da kwanon."

"To gobe mi zan ci?"

"Ka yi tunani. Ai ka ce ƙarfi na ciki."

Asabar bayan la'asar ɗakin ya cika irin cikar da bai taɓa yi ba, don ranar ce ƙarshen karawar kambu. Maliki na kan kujera da kwanon shinkafa a cinya. Sallaou bai shigo ba. Yana tsaye a waje bakin taga, rana na dukan ƙeyarsa, ya harɗe hannu, ya ce shi wucewa yake.

Aka fara. Zakaran duniya ya yi wata doguwar magana yana nuna kambu. Kowa ya dubi Maliki. Ya haɗiye loma ya ce, "Ya ce zai doke shi." Gashin Ƙaya ya mayar da tasa, har jijiyar wuya ta tashi. Maliki ya ce, "Shi ma ya ce zai doke shi." Ya ci gaba da cin abinci. Ɗaki ya yi sanyi kamar gidan makoki. Na waiwaya na ga Sallaou yana cizon leɓe, yatsunsa na motsi a jikin ƙarfen taga.

Can zakaran ya saki wani naushi, Gashin Ƙaya ya zube. Alƙali ya ce ɗaya, ya ce biyu, hoton ya fara yin fari, ga uwar nan da tukunyar taliya. Sai muka ji murya ta taga kamar za ta tsage.

"Tashi, ɗan banza, bar tunanin nan. Uwarka tana nan, ba inda za ta. Tashi kafin su cuce ka."

Daga nan bakin ya ɓalle. Ya fassara maganar uwar, ya fassara ta malamin da ya mutu, ya fassara haushin karen. Da saurayin ya miƙe, Sallaou ya zagi kakan zakaran har kaka na bakwai. Bai taɓa fassara mai daɗin ta ranar ba. Gumi na zuba, murya ta dushe, bai tsaya ba har aka ɗaura wa Gashin Ƙaya kambu. Ɗaki ya ɗauki tafi, mutane suka yi ta kiran a ƙaro shinkafa.

Da hayaniya ta lafa, Sallaou ya share fuska ya leƙo da kansa ta taga, ya dubi tukunya, ya dubi Saoudé.

"Hajiya, kin dai ji aiki."

"Na ji." Ta kankare ƙasan tukunyar ta juye a kwanon Maliki. "Da na san za ka yi shi a tsaye, cikin rana, kyauta, da ban ɓata shinkafata wata bakwai ba."

Ta ce gobe tashar za ta fara wani sabon katun na 'yan ƙwallo, in ya ga dama ya zo da hula, don rana.